Gonar Bunika Daga Sama

Shekaranjiya na ɗora tuwon masara, waya ta ɗauke mini hankali, sai da ƙauri ya cika gidan sannan na tuna da tukunya. Na sauke ta na tsaya ina kallon ƙanzon da ya kama gindinta. Maimakon in ji haushin tuwon da na ɓata, wani tsohon haushi ne ya taso mini. Ƙaurin nan shi ne warin kicin ɗinmu na unguwar Hor Al Anz a Dubai. Kusan kullum sai an ƙona masara a kicin ɗin, don tsofaffi biyu ne suke tuƙi a murhu ɗaya, kowacce tana leƙen tukunyar 'yar'uwarta ta manta da tata.

Bari in faɗa maka yadda gidan yake, don in ba ka taɓa zama a irinsa ba, da wuya ka gane. A shekarar 2009 muka shiga, ina 'yar firamare. Fulat ɗaya ne aka raba wa iyali biyu, falon ma an tsaga shi da katako. Mu muna ɓangaren da yake kallon titi: Baba da yake aikin akanta a wani kamfanin jigilar kaya kusa da Port Saeed, da Mama da take aikin jinya, da ni, da ƙanena jariri, da Kaka mahaifiyar Baba. A ɗaya ɓangaren akwai wata mata 'yar Romaniya mai aiki a otal, da 'yarta sa'ata wadda ta zama ƙawata, da tsohuwarta. Ƙawata tana kiran tsohuwar Bunika, wato kaka a yarensu, mu ma duk muka kama kiran ta haka, har Baba.

Abu ɗaya ne ya kawo tsofaffin nan Dubai, raino. Kada wani ya ce maka hutawa aka kawo su su yi, ko don su ga duniya. Iyayenmu suna fita tun da sassafe, babu mai tsaron yara, 'yar aiki kuma sai mai hali, shi ne kowa ya tuna ashe yana da uwa a ƙauye. Aka tumɓuke su daga gonakinsu, aka ajiye su a ɗaki mai esi, aka ce su gode wa Allah sun rabu da rana.

Da faɗa suka fara. Kaka ta ware tukwanenta da cokulanta ta ɗaura musu jan ƙyalle, ta sa ni na gaya wa mutanen can cewa ko da wasa kada naman da ba namu ba ya kusance su. Bunika ta kwashe nata ta mayar can ƙarshen kanta. Sai ranar da ta fito da tsakin masara rawaya, ta zuba a tafasasshen ruwa, ta zaro wani ɗan sanda daga aljihun rigarta ta hau tuƙi. Kaka ta tsaya baki buɗe. Da tuwon ya nuna, Bunika ta kife tukunyar a kan katako, ta ɗauko zare ta yanka shi gunduwa gunduwa, ta barbaɗa cuku, ta zauna za ta ci.

"Ke 'yar nan," in ji Kaka, "tambaye ta ina miyar."

Na tambayi ƙawata da Turanci, ita ta tambayi kakarta da yarensu, amsa ta biyo hanyar da tambaya ta bi: babu miya, haka ake ci. Kaka ta tafa hannu ta yi salati. Ta ce ita dai ta ga abin tausayi a duniya, amma ba ta taɓa ganin wanda ya iya tuƙa tuwo aka hana shi sanin miya ba. Washegari ta aika mata da kuka a kwano. Bunika ta ɗanɗana, ta yamutsa fuska, ta cinye tas don kunya. Daga ranar suka zama abokan hira, mu biyu kuma muka zama bakinsu. Magana takan tashi daga bakin Bunika ta bi ta bakin ƙawata, ta bi ta nawa, kafin ta isa kunnen Kaka ta rame, amma haka suke fahimtar juna.

Da bazara Dubai ba ta fituwa. Iska kanta zafi take, in ka buɗe ƙofar baranda sai ka ji kamar an huro maka tururin tukunya. Haka za mu yini a kulle, esi yana gurnani, tagogi suna gumi. A irin wannan yinin ne Bunika ta watsa tsaki a kan teburin kicin, ta baje shi da tafin hannu, ta zana mana garinsu da ɗan yatsa.

Ba zan faɗi sunan garin ba. Ƙaramin gari ne na manoma, kuma har yau in na rufe ido ina ganin sa yadda ta zana. Ta fara da kogi, ta ja shi daga gefen teburin ya lanƙwasa kamar lauje. Ta tara tsaki ta yi tudu a arewa, ta ce a can ake inabi da wani ɗan itace mai kama da ɗinya amma ya fi ta girma. Ta ja titi guda ɗaya dogo, gidaje suna fuskantar sa hagu da dama, kowane gida da benci a ƙofarsa inda tsofaffi suke zama da yamma. Coci a tsakiya, maƙabarta a gindin tudun. Daga titin zuwa kogi kuma ta yi ta jan layuka sirara a jere, ta ce gonaki ne, kowacce doguwa ce ba faɗi, kanta a bakin hanya ƙafarta a ruwa. Ta danna yatsa a kan ɗaya daga ciki har sai da katakon teburin ya bayyana, ta ce wannan ce tata.

Ta ba mu labarin damunarsu da rani, da lokacin da ƙanƙara take rufe garin har a kasa buɗe ƙofa, da yadda kogin yake cika in ta narke. Kaka ta ce duk wanda ya zauna a inda ruwa yake zama dutse shi ya so. Bunika ta ce ai gara sanyi, ko ba komai yana kashe tsutsar gona. Nan ma sai da suka yi musu.

Gonar nan tana da tarihi, kuma Bunika ba ta gajiya da maimaita shi. Ta ubanta ce. Tana yarinya gwamnatin 'yan gurguzu ta ce babu sauran gonar wani, duk an haɗe ta zama ta kowa. Aka zo aka kora shanun noman ubanta yana tsaye, ya bi su har ƙarshen titi yana kiran su. Aka share iyakoki. Ta girma tana noma ƙasar ubanta a matsayin 'yar ƙwadago, ta yi aure, ta haihu, gashinta ya fara fari. Da aka kifar da gwamnatin aka ce kowa ya zo ya karɓi tasa, sai aka rasa gane ta wane ce daga ina zuwa ina. Tsofaffin garin suka fito da igiya suna awo suna zage-zage. Ita abin da ya cece ta wata bishiya ce da suke kira nuk, mai 'ya'ya masu taurin ɓawo, wadda ubanta ya dasa a kan iyaka. Ta rungume bishiyar ta ce daga nan tata ta fara, kowa kuma ya shaida. Da mijinta ya rasu sai ta mayar da gonar da sunan 'yarta tilo, don kada yarinyar ta sha wahalar gado wata rana.

In ta gama da gona sai ta koma kan mutane. Takan ɗebo ƙwayar masara ta ajiye ɗaya a kan kowane gida, sannan ta bi tana tsincewa. Wannan layin na Jamusawa ne, kakanninsu sun zo tun zamanin da, su suka fara tafiya, layin gaba ɗaya ya zama kango. Wannan gidan 'ya'yansa suna Italiya suna rainon tsofaffin wasu. Wannan suna Sifen suna tsinkar 'ya'yan itace a gonar wasu. Wannan ya koma gindin tudu. An rufe makarantar sama don babu yara. Likita sai ranar kasuwa. Kafin ta kai ƙarshen titi hannunta ya cika da masara, teburin kuma sai tsilli-tsilli.

Kaka ba ta yarda a fi ta ba. Ta ce in miƙo mata wake. Ta ja nata ƙauyen a ɗaya gefen teburin, da rijiya da masallaci da tsamiyar bakin kasuwa, da gonarta ta jigawa wadda ita ma ta gada wurin ubanta, ta bar wa Baba amanarta da za ta taho. Ta bi nata waken tana tsincewa: wannan Kano, wannan Legas, wannan Makka ya tafi bai dawo ba, wannan an ce Libiya. Suka kalli hannuwan juna suka yi dariya, irin dariyar da ba ta da daɗin ji. Ni a lokacin wasa na ɗauke shi, har rige-rige muke yi da ƙawata wurin share teburin.

Wata Juma'a da sanyi ya shigo, aka ɗebe mu duka a motar abokin Baba zuwa garin Hatta, can cikin duwatsu a wajen Dubai. Kowa ya nufi bakin dam yana ɗaukar hoto da duwatsu. Da aka waiga babu tsofaffi. Can muka same su tsugune a gefen wata gonar dabino, kowacce da ƙasa a hannu tana murzawa tana sunsunawa. Bunika ta nuna gwiwar hannunta, ta ce a garinsu baƙar ƙasa takan kai nan kafin ka tarar da ja. Kaka ta ce tata ba ta da wannan zurfin, amma a zo a ga gyaɗa. A hanyar dawowa Bunika ta tambayi 'yarta yaushe za ta koma, lokacin shuka ya kusa. 'Yar ta ce maƙwabci yana noma mata gonar, ta bari sai baɗi. Kaka ba ta kiran sunan Baba, ɗan fari ne, sai ta yi magana tana kallon taga.

"A gaya wa wancan ina so in ga damina a gida."

"Inshallah, Inna," in ji Baba. "Bari a sabunta biza tukuna. Gona tana nan, ana kula da ita."

Haka aka yi ta yi musu shekara da shekaru. Baɗi ta zo a ce baɗi. Ƙanena ya yi wayo ya shiga makaranta, aka haifi wata, raino ya koma sabo. Duk lokacin shuka Bunika takan kasa zama, ta yi ta kai da kawo tsakanin kicin da baranda, tana lissafa abin da ya kamata a ce an yi a gonar yau. Abin da ya riƙe ta a gidan nan shi ne gonar tana jiran ta. Mun sani, 'yarta ma ta fi kowa sani.

Ina ajin farko na sakandare malamar labarin ƙasa ta ba mu aiki: kowa ya zaɓi wani ƙaramin gari a duniya, ya rubuta yanayin ƙasarsa da tarihinsa da mutanensa. Ni da ƙawata ba mu ɓata lokaci ba, muna da gari a teburin kicin. Malama ta ce a haɗa da taswira. Ranar Asabar da hantsi muka ɗauki kwamfutar Baba, muka buɗe taswirar nan ta tauraron ɗan'adam, ƙawata ta rubuta sunan garin. Duniya ta juya a gilashin, ta yi ta matsowa, sai ga kogi ya lanƙwasa daidai yadda yatsan Bunika yake lanƙwasa shi. Muka yi ihu muka kira ta. Wallahi murna muke, gani muke mun kawo mata tsaraba.

Ta zo tana goge hannu, ta sa tabarau. Da farko ba ta gane komai ba, ba ta taɓa ganin garinsu ta sama ba. Sai ta ga cocin. Ta ja kujera ta zauna. Ta ɗora yatsa a gilashin tana bin titi gida gida tana kiran masu su. Ta sami nata, ta gane shi da sabon jan rufin da ta sa a gefe ɗaya kafin ta taho. Ta yi dariya, ta jawo Kaka ta nuna mata. Kaka ta ce ma sha Allah, ashe da gaske take yi, ba ƙari.

Sannan ta ce mu gangara wajen kogi.

Muka gangara. Babu layuka. Daga bakin hanya har ruwa fili ne guda ɗaya, launi ɗaya, shafe kamar an goge shi da dutsen guga, sai sawun manyan motocin noma da ya bi ta kansa daga wannan ƙarshe zuwa wancan. Ta ce mu matso da shi. Muka matso. Ta ce mu ƙara. Bishiyar take nema. Ta auna da yatsa daga lanƙwasar kogin, ta sake aunawa daga hanya, ta dawo wuri ɗaya. Babu ko inuwarta. Ta cire tabarau ta goge da gefen riga ta mayar, ta sake dubawa. Tana nan zaune a gaban kwamfutar har 'yarta ta dawo daga aiki da la'asar.

Ba mu fassara wa kowa abin da aka faɗa a bayan katakon nan ba, ba a ma bukatar fassara. Daga baya ƙawata ta gaya mini. Uwarta ta fara da cewa tsohon hoto ne, tun na zamanin gonar gwamnati. Bunika ta ce to wa ya sa jan rufi a zamanin gonar gwamnati? Sai uwar ƙawata ta fashe da kuka ta faɗi gaskiya. Ta sayar wa wani kamfanin noma gonar tun shekarar da ta kawo Bunika Dubai. Maƙwabta duk sun sayar, babu mai nomawa, ita kuma tana da ɗawainiya. Babu wani maƙwabci da yake noma mata komai, mutumin ma ya daɗe da rasuwa.

Yanzu ka saurari abin da ya fi ƙona mini rai. Dare bai yi ba sai da laifin ya dawo kanmu. Uwar ƙawata ta fito ido jajur ta ce mun kashe mata uwa da rai. Mama ta ja ni ɗaki ta ce na raba uwa da 'ya, yarinya sai shisshigi. Baba ya rufe kwamfutarsa da ƙarfi ya ce, "Halas, shi ke nan! Daga yau kada wanda ya sake taɓa mini ita." Aka sa mu muka ba da haƙuri. Mu, yara biyu da muka yi aikin makaranta. Wadda ta sayar da gonar uwarta a ɓoye, ta bar ta tana lissafin shuka shekara da shekaru a baranda, ita aka zauna ana lallashi, har da kai mata shayi. Ban yarda na yi laifi ba a ranar, kuma har gobe ban yarda ba. Sun so a ce tsohuwar ta mutu ba ta sani ba, su kira wannan tausayi. Ni ban ga tausayi a ciki ba, na ga mutanen da suke bukatar mai raino kuma sun san in ta ji gaskiya za ta tafi.

Na lura da wani abu kuma a ranar. Fushin Baba ya fi ƙarfin abin da ya faru. Ba uwarsa ba ce, ba gonarsu ba ce.

Bayan kwana biyu na sami Kaka ita kaɗai a kicin tana tsince shinkafa. Na ce mata a makaranta ma akwai kwamfuta, in tana so zan nemo ƙauyenmu in buga mata hoton a takarda, ta ga gonarta. Ba ta ɗago ba.

"Kada ki kuskura," ta ce.

Na ce, "Kaka, ba kya son ki gani?"

Ta tsince wani ɗan dutse ta ajiye gefe. "Ni na haifi ubanki. Na san abin da zan gani."

Daga nan ba ta sake cewa a gaya wa wancan tana son ganin damina ba. Ta ci gaba da raino, da tuƙa tuwo, da tsokanata, amma in Baba ya shigo ya gaishe ta sai ta amsa a taƙaice ta kama wani aiki. Shi ma bai taɓa tambayar dalili ba. Su biyun sun san abin da suka sani, suka zauna a kai.

Bunika kuwa ba ta iya irin wannan haƙurin ba. Ta daina girki, ta daina hira, ta haɗa jakarta ta ajiye a bakin ƙofa, kowa ya zo wucewa sai ya yi tuntuɓe da ita. 'Yarta ta ce me za ki koma yi, babu gona, babu kowa a layin. Ta ce gidan dai ba a sayar ba tukuna, gara ta je ta zauna a ciki kafin shi ma a ga ba shi da amfani. Ba a yi wata biyu ba aka saya mata tikiti. Ranar tafiyarta ta ba Kaka ɗan sandan tuƙinta, Kaka ta ba ta muciya da ƙullin kuka. Suka riƙe hannun juna a bakin lif suna magana, kowacce da yarenta. Muka matso za mu fassara, Kaka ta ce mu ba su wuri.

Kaka ta kai har 2015 a Dubai. Da ƙafa ta fara gagarar ta, raino kuma ya ƙare, sai aka ga ya dace ta koma gida. Gidan ma ba ƙauye aka kai ta ba, wurin Baffa ƙanen Baba aka ajiye ta a Kano, wai ya fi kusa da asibiti. Ƙauyen bai da nisa, amma har ta rasu ba ta ce a kai ta ba. Ni ce na je bayan an yi sadakar bakwai. Na tambayi inda gonar take, wani dattijo ya raka ni. An yanka ta filaye, an kafa duwatsun siminti, wani har ya fara gini ya bari. Dattijon ya ce ai tun shekarar da ta tafi aka sayar, shi ya ɗauka da saninta. Da na dawo na tari Baba da maganar, ya ce ba zan gane ba, zaman waje yana da nauyi, kuma ai don mu aka yi. Na ce masa ba a tambaye mu ba, ita ma ba a tambaye ta ba. Ya ce na yi masa rashin kunya. Wataƙila na yi.

Yanzu ni ma ina aiki a Dubai, a wata unguwar da ta fi Hor Al Anz tsafta da tsada. Na san nauyin da Baba yake faɗa, ina ɗauke da shi, ba sai an ba ni labari ba. Amma sanin nauyin bai rage mini fushi ba. Ina ganin su har yau a wuraren wasan yara da yamma, tsofaffi daga ƙasashe daban-daban suna tura keken jarirai, wata da zani, wata da ɗankwali ɗaure a haɓa, idonsu yana wani wuri. In abokan aikina suna cewa ƙauyukanmu sun mutu, matasa sun gudu, babu mai son noma, sai in ji kamar in tambaye su ina uwarsu take, wa kuma yake riƙe da takardar gonarta. Muna maganar mutuwar ƙauye kamar fari ne ko annoba, alhali mu ne muka kwashe masu tsaron sa ɗaya bayan ɗaya don su tsare mana yara.

Ƙawata tana Jamus yanzu, muna gaisawa jefi-jefi. Bara ta kira ni ta ce Bunika ta rasu a gidanta, maƙwabciya ce ta lura hayaƙi bai tashi ba. Ta je jana'izar. Ta ce a al'adarsu akan bi da gawa ta tsakiyar gari a hankali har maƙabarta, mutane suna biye. Da aka fito da akwatin aka duba, babu mazan da za su iya ɗauka, duk waɗanda suka zo tsofaffi ne masu sanda, kuma babu sauran mai keken doki a layin. Aka yi ta shawara a ƙofar gida. A ƙarshe sai wani ya je ya roƙi kamfanin noman nan, suka aiko da tarakta da tirela, direban ya share ƙasar da take ciki aka shimfiɗa bargo.

Ta ce mini, "Sun yi kirki fa, ko kuɗin mai ba su karɓa ba."

Na janye wayar daga kunnena. Ta yi ta kiran sunana tana tambaya ko layin ne ya yanke.